Ranar da Askar Malam Ta Yanka Taba a Jidda

Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai goyo ta sauke, mai goro ya tofar, ku ba ni kunnuwanku. Tun da na dawo daga Jidda ban huta da bakinku ba. Mai zuwa yi mini sannu da zuwa ta ce, "Iya, yaya ƙasar?" Mai zuwa neman dabino ta ce, "Iya, ba wata uku aka ce za ki yi ba, me ya dawo da ke da wuri?" Ina cewa lafiya lau, ina kau da kai. To yau zan faɗa sau ɗaya, a rubuta a ajiye. Duk wanda ya sake tambaya a karanta masa, ni kuma a ƙyale ni in ja carbina.

Ni matar wanzami ce. Shekara arba'in da ɗaya na yi a ɗakin Malam, Sarkin Askar unguwarmu a Ringim, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da ya rasu ya bar zabira cike da asake, amma guda ɗaya ce uwarsu. 'Yar ƙarama ce mai naɗewa, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, mariƙinta baƙin ƙahon rago, da zobe biyu na jan ƙarfe. Wani maƙeri ne ya ƙera wa kakan Malam ita. Ba a buɗe ta sai ranar suna, ba a buɗe ta sai da bisimilla, kuma ba ta taɓa komai ba a duniya sai kan jariri. Ko goro Malam bai taɓa tsagawa da ita ba. Da idona na ga ya mari ƙaninsa, magidanci da gemu, don ya ɗauko ta zai yanke zaren maɓalli da ita. Kan uban Malam ita ta aske, kan Malam ita ta aske, kan 'ya'yana bakwai ita ta aske.

Ɗana na fari yana Jidda shekara ashirin da biyu. Kun san ba na kiran sunansa, ɗan fari ne. Ɗan Goggo nake cewa, don goggonsa ce ta yaye shi ta riƙe. Yana aiki a shagon kayan mota na wani Balarabe, shi ne kafilinsa, wato mutumin da takardar zamansa ke hannunsa. Can ya yi aure, 'ya'ya uku duk mata. Sai ga waya wata ranar Talata, ya ce matarsa na da ciki, likita ya leƙa ya ce namiji ne.

"Iya, ki zo ki yi Umra ki zauna har suna. Kuma don Allah ki taho da askar Baba, 'yar ƙaramar nan mai ƙaho."

Sai na ji yana cewa, "Iya, kina jina?" Ina jinsa, kuka nake yi. Yaron da ya guji zabira tun yana ɗan shekara sha biyar, ya ce shi ba zai ƙare a kan ƙeyar mutane ba, yau shi ke neman askar ubansa don kan ɗansa. Na ce lallai jini ba ya ƙarya. Ashe ni kaɗai nake kiɗana nake rawata.

Muka tashi daga Ringim da hantsi a motar haya. Na ɗaure kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da kanwa saboda kunun maijego. Askar kuwa na naɗe ta a farin ƙyalle, na sa a lalita, na ɗaura a ƙuguna ƙarƙashin zane. Kafin Gezawa taya ta fashe. Igiyar da aka ɗaure safayar da ita ta ƙulle, direba ya leƙo yana cewa, "Jama'a, ba mai wuƙa a jikinsa?" Na dubi taga kamar kurma. Da haƙori ya kwance ta, yana zagin mai igiyar.

A filin jirgi na Kano aka karɓi jakata, ta hau wani bel ta shige rami. Sai aka ce mu bi ta wata ƙofa marar ƙyaure, wadda ke ihu in ta ji ƙarfe. Kowa ya wuce ta yi shiru. Ni ina sa ƙafa ta fasa kuwwa. Na koma na cire awarwaro, ta sake. Na cire 'yan kunne, ta sake. Wata ma'aikaciya ta ja ni bayan labule ta lalube ni.

"Mama, mene ne wannan a ƙugunki?"

"Amana ce."

"Amanar mu gani."

Ta kwance ƙyallen za ta buɗe, na kama hannunta. "Yi bisimilla tukuna, 'yar nan." Ta dube ni ta yi dariya, amma ta yi. Ta ce wuƙa ba ta shiga jirgi a jikin mutum, ko ta wane ne. Ko in bar ta nan, ko in sa ta cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi. Jakata kuwa ta riga ta yi gaba. Na zauna daɓas a ƙasa na ce to ni ma na fasa, a mai da ni Ringim.

Allah Ya kawo wata Hajiya Ladi, 'yar kasuwa ce mai zuwa Jidda kamar mai zuwa cin kasuwar mako, haƙorin Makka biyu a bakinta, ba a auna kayanta ba tukuna. Ta ce, "Haba Iya, tashi, kada ki tara mana jama'a. Kawo nan." Ta cusa askar cikin kwalin kilishi ta ɗaure tam. Askar da ba ta taɓa kusantar abinci ba, ga ta kwance tsakanin kilishi. Na ce a zuciyata, Malam ka yi haƙuri, larura ce.

A jirgi ban ci ba ban sha ba, hankalina yana ƙarƙashin ƙafata. Aka kawo abinci a 'yan gwangwanaye, da wata wuƙar roba da ko tuwo ba za ta yanka ba. Ladi ta cinye nata ta cinye nawa, ta ce asara haramun ce.

A Jidda aka jera mu, kowa ya ɗora yatsunsa a kan wani gilashi. Nawa suka ƙi fitowa. Shekara hamsin ina murza kalwa ina wanki da ruwan toka, zanen yatsun ya goge. Ma'aikacin yana ta cewa, "Marra tanya, ya Hajja," wato in sake. Na sake har hannuna ya sage, layi ya tsaya, na baya suna tsaki. Ladi ta ƙwalo mini daga can, "Iya, shafa su a goshinki!" Na shafa a gumin goshina na ɗora, sai ga su. Kwalin kilishi kuma shi ne na ƙarshen fitowa. Da na mai da askar ƙuguna sannan na san na iso.

Ɗan Goggo na tsaye a waje. Ya yi ƙiba, farar jallabiya har ƙasa, an zana masa gemu kamar da alƙalami. A can ba a durƙusa wa uwa. Sai kawai ya kamo kaina ya sumbaci goshina a gaban jama'a. Ɗan fari fa! Na ja da baya ina neman inda zan sa fuskata. Ba mu kai mota ba ya ce, "Iya, kin taho da ita?" Bai tambayi ƙafata mai ciwo ba, bai tambayi ƙannensa ba. Da ina da wayo, da tun a nan na gane.

Gidansu na wata unguwa Waziriyya, a bene hawa na uku. Babu tsakar gida, babu inda za ka shanya ko barkono, ba ka ganin sama sai ta taga. Na'urar sanyi na ruri kullum har ƙashina ya ɗauka. Maƙwabcinka na bayan bango amma ba ka san ko ya kwana lafiya ba. Matarsa Su'ad haifaffiyar can ce, kakanninta mutanen Katsina ne da suka je Hajji a ƙafa ba su dawo ba. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta fito rabi da rabi. "Ya Khala, yalla zo ki ci, halas an gama." Khala take ce mini, wato inna. In faɗi gaskiya, na raina ta. Ba ta rusunawa, tana kiran mijinta da sunansa gatsal a gabana, 'ya'yanta kuma su zauna su zuba mini ido kamar talabijin.

Abinci kuwa, da safe dakakken wake ne da mai a kai, ful suke ce masa, da gurasa mai faɗin faifai. Da rana shinkafa da nama a tire ɗaya, kowa ya sa hannu, ba miya. Shinkafa ba miya, jama'a, kullum ta Allah! Rana ta uku na shiga kicin na kaɗa miyar kuka, na sa daddawa yadda ya kamata. Ba a jima ba maƙwabta suka ƙwanƙwasa ƙofa suna tambaya ko wani abu ya mutu a bututun ruwa. Yaran suka toshe hanci suka gudu. Su'ad kuwa kwano biyu ta ci, tana ci tana share ido. Ta ce, "Sitti tana yin wannan," wato kakarta. Na ji, amma ban sassauta mata ba.

Na je na yi Umra, na ga Ɗakin Allah da idona. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba zan haɗa shi da abin da ke tafe ba.

Ana saura kamar kwana goma haihuwa, Ɗan Goggo ya shigo ɗakina ya ce in ba shi askar ya kai a wasa ta. Na ce Malam da fata yake wasa ta, a hannu, a hankali. Ya ce akwai wani gwani a Balad, tsohon gari, aikinsa ke nan. Na kwance lalita na miƙa masa da hannu biyu. Da hannuna na ba shi, wannan ne ke ci mini rai har gobe.

Su'ad ta sauka a asibiti, namiji kamar yadda aka faɗa, aka ce sunansa Faisal. Na sa aka kai ni har unguwar Sa'alaba wajen wata tsohuwa na samo ganyen darbejiya, na dafa ruwa ya tafasa. Maijego ta leƙa tukunya ta ja da baya. "La, ya Khala, doktora ta ce mamnu'." An hana. Na zubar da ruwan na haɗiye takaici. Kunun kanwa ta sha kofi ɗaya don kunya. Na haɗiye wannan ma. Na ce duk a yi yadda aka ga dama, muddin ranar bakwai askar Malam za ta hau kan jikansa.

Ranar bakwai ta faɗo Juma'a. Suka kama wani gida a bayan gari da ake haya don biki, istiraha suke ce masa, da katanga a tsakiya, mata nan, maza can. Na yi wanka, na ɗaura zanen da na yi ta ajiya. Ina zaune ina jiran a ce wanzami ya iso, don an ce akwai Hausawa masu sana'ar a garin. Aka sauko daga masallaci, shiru. La'asar ta yi, shiru. Na ce a miƙo mini yaron. Na zame masa hula.

Kai tal, kamar ƙwai.

"Wa ya aske shi?"

Su'ad ta ce, "Da safe babansa ya kai shi salon, ya Khala, da makina. An auna gashin, an yi sadaka."

Inji. Injin da ya bi ƙeyar kowane ƙato a unguwa, shi ya fara taɓa kan jikan Sarkin Aska.

"Ina askar?"

Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Ta ce, "Tana majlis, wajen maza."

Na miƙa mata ɗanta na tashi. Mata suka riƙe mini mayafi suna cewa abin kunya ne, mace ba ta shiga can. Na ce na wuce shekarun da namiji zai zama mini dodo, na fizge.

Ku saurara da kyau, ga abin da na tarar. Ɗaki ne mai faɗi, matasai jikin bango, maza sun kai goma sha biyu, yawancinsu masu furfura. Hayaƙi ya tokare rufi. Kowa da taba a hannu, ba sigarin nan da kuka sani ba, wata ƙatuwa ce launin ƙasa mai kaurin ƙaramin rogo, a akwatin katako ake kwantar da ita kamar 'yar gata. Gaban kowa kofin gilashi da wani ruwa mai kumfa, launin fitsarin doki. Na ce innalillahi, giya a ƙasar Manzo! Daga baya aka rantse mini ruwan sha'ir ne, ba ya bugarwa, a kanti ake sayar da shi a fili. Oho dai. Wanda ya ari rigar ɓarawo kada ya yi fushi in an bi shi da sanda.

A tsakiyar ɗakin ga wani babban tire an shimfiɗa masa jan ƙyalle mai laushi, an jera wuƙaƙe masu naɗewa sun fi ashirin. Ashe abin da ke tara su ke nan duk Juma'a, sunan jikana rakiya ya yi. Manyan mutane su zauna, su buɗe wuƙa, su rufe, su kasa kunne su ji ƙarar rufewarta, ƙyas, su ce masha Allah. Wannan ta Yaman ce, wannan ta Turkiyya, waccan makiyayan wata ƙasa ke yi mata mariƙi da itacen zaitun, haka aka bayyana mini daga baya. Su gwada kaifi a farce, su aske gashin hannu, su kurɓa, su zuƙa, su miƙa wa na kusa. Ba mai yanka ko albasa. A garinmu wuƙa ma'aikaciya ce. A ɗakin nan amarya ce, kallo ake kai mata.

Can saman ɗaki ga kafilin, Abu Majid, dattijo mai farin gemu. Ɗana na tsugune gefensa riƙe da ashana. Askar Malam na hannun Balaraben. Da ƙyar na gane ta. An goge ta da inji ta yi fari fat, duhun nan na hannun mutum uku ya tafi. Ina tsaye a bakin ƙofa ya buɗe ta, ba bisimilla ba komai, yana dariya. Ya ɗora bakin tabar a kan babban yatsansa, ya ja. Cas. Kan tabar ya faɗa tire. Ɗakin ya ɗauka, "Allah, Allah!" suna yaba kaifi.

A nan na kira sunansa. Sunan yanka, wanda ban taɓa furtawa ba shekara arba'in da shida, ko ranar da ƙyanda ta kusa ɗauke shi. Ba zan maimaita muku ba. Sau ɗaya na kira, ashanar ta zube daga hannunsa.

Ya taso da gudu yana magana ƙasa-ƙasa. "Iya, don girman Allah ki koma wajen mata. Zan zo in yi miki bayani."

"Yi shi a nan."

"Iya, kafilina ne. Iƙamata, takardar zamana, da ta yaran duk a hannunsa suke, wata mai kamawa za su ƙare. Mutumin nan ba abin da yake so a duniya irin waɗannan wuƙaƙe, kuma ba shi da ta ƙasar Hausa. Na riga na ba shi. A nan kyauta ba ta komawa, babban abin kunya ne."

"Ka ba shi. Taka ce?"

"Ƙarfe ne fa, Iya. Baba ya rasu."

"Ƙarfen nan shi ya saya maka wandon farko. Shi ya sa aka kira uwarka matar Sarki. Ka sa na ɗauro shi a ƙuguna tun daga Ringim, na zauna a ƙasa a filin jirgi kamar mahaukaciya, don a yanka wa wani ƙato taba? Da ka ce mini, Iya, wuyana na hannun mutum, ki taimake ni, da sai mu zauna mu yi kuka tare mu san abin yi. Amma ka yi mini ƙarya da kan ɗanka!"

Abu Majid ya ɗaga hannu yana tambayar me ke faruwa. Akwai wani tsoho baƙi mai zuba musu gahawa, Am Usman suke ce masa. Na ga yadda ya sunkuyar da kai, na san yana ji.

"Kai mai buta, kana jin Hausa?"

"Ina ji, Hajja. Mu Hausawan Sudan ne."

"To gaya wa ubangidanka na ce ya ajiye askar nan kafin hannunsa ya shanye. Ka ce masa furfurar banza gare shi, tunda wasan yara yake yi da kayan mutane."

Am Usman ya juya ya yi Larabci mai tsawo. Sai na ga Balarabe ya washe baki, ya dafa ƙirji yana gyaɗa mini kai.

"Me ka ce masa?"

"Na ce kina yi masa barka da zuwa, kina sa wa taro albarka."

"Da wannan fuskar tawa?"

"Hajja, ki rufa mini asiri. Ni ma a ƙarƙashinsa nake ci."

Na duba dama, na duba hagu. Ɗaki cike da maza, biyu na jin harshena, ba wanda zai ɗauki maganata ya ƙetarar da ita. Ban taɓa jin na zama baƙuwa ba irin lokacin. Sai na ji murya a bayana.

"Faɗi, ya Khala. Ni zan gaya masa."

Su'ad ce, maijegon kwana bakwai, ta rufe fuska, jariri a kafaɗa, tana dafe da ƙofa. Mijinta ya daka mata tsawa, "Su'ad, uskuti!" Wai ta rufe baki. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Na bar zagi, don na ga yanzu maganata za ta isa. Ina faɗa tana juyawa, gaɓa-gaɓa. Na ce ki gaya masa askar nan ba ta ɗana ba ce, balle ya bayar. Ki gaya masa mutumin da ta fara askewa an binne shi tun kafin a haifi wannan dattijon. Ki gaya masa a gidanmu ba a buɗe ta sai da sunan Allah, ba ta taɓa ko goro ba, kan jarirai kaɗai ta sani. Ki gaya masa don wannan yaron da ke kafaɗarki na ɗauko ta, aka kai shi aka aske da inji, ita kuma aka ba ta taba. Ki tambaye shi, in wuƙar ubansa ce, zai so a yi mata haka yana kallo?

Abu Majid ya ajiye tabarsa. Ya dubi ɗana ya yi masa tambaya ɗaya, a hankali. Na ce wa Su'ad me ya ce.

"Ya ce, ba kai ka ce mini wajen 'yan gwangwan ka saye ta ba, ba ta da mai ita?"

Ɗan Goggo ya kau da kai. Dattijon ya goge askar da gefen ƙyallen kansa, ya naɗe ta, ya miƙe da ƙyar, ya tako har inda nake ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Samihini, ya ummi." Wannan ba sai an fassara mini ba, gafara yake nema. Na karɓa, na yi bisimilla na buɗe in ga ko an yi mata giɓi. Ba giɓi. Amma a jikin ƙarfen, daga gindi har kusa da baki, an sassaƙa rubutun Larabci mai lanƙwasa.

"Su'ad, me aka rubuta nan?"

"Sunansa ne, ya Khala. Sunan Abu Majid."

Aikin gwanin Balad ke nan. Wasa aska ke nan. Ban yi wa kowa godiya ba, ban yi wa kowa sallama ba, na juya. Aka ce mini ragon sunan ba hira aka ci shi, kafin magariba kowa ya kwashi wuƙaƙensa ya tafi.

Kwana huɗu na ƙara a gidan. Ɗana na fita da sassafe, in ya dawo ya wuce ƙofata. Ina jinsa ta bango yana yi wa Su'ad faɗa da Larabci. Na ce a sauya mini tikiti, bai ce in zauna ba. Ranar da zan taho Su'ad ta shigo da yaron ta zauna a ƙasa gabana, abin da ba ta taɓa yi ba. Na wanke askar da ruwan Zamzam sau bakwai. Ban buɗe ta a kansa ba, ni mace ce, ba aikina ba ne, kuma ba gashin da za a aske. Na dai ɗora ta a naɗe a kan goshinsa na yi bisimilla, na kira masa sunayen kakanninsa uku don ya ji. Na ce wa uwarsa, "'Yar nan, na raina ki, ki yafe mini." Ta ce, "Halas, ya Khala, ki bar mini daddawar." Na bar mata duka, har da kukar.

To ga yadda kowa ya ƙare.

Hajiya Ladi tana nan tana zirga-zirgarta. Ta aiko mini da saƙo wai in zan koma in sanar da ita. Na ce a gaishe ta.

Am Usman, an ce yana nan yana zuba gahawa, kuma duk wanda ya tambaye shi abin da ya faru sai ya ce shi ba ya jin Hausa sosai.

Abu Majid bai kori ɗana ba, amma bai sake kiransa zaman Juma'a ba. Ya ɗauke shi daga gaban shago ya mai da shi sito can bayan gari, inda ake sauke kaya a rana. Iƙamar kuma sai da aka yi wata uku ana jan ƙafa kafin ya sa hannu. Wata ukun nan yaran ba su san ko za su ci gaba da makaranta ba, Su'ad ta rame har ruwan nononta ya ja baya. Ban ce ba ni da hannu a wannan ba. Ina da shi, kuma na kwana da shi a raina. In aka mai da ni bakin ƙofar nan, zan sake shiga.

Su'ad na kirana duk Juma'a. Hausarta na nan rabi da rabi, ni kuma na koyi cewa halas. Faisal ya fara zama, an ce gashinsa ya fito baƙi sil.

Askar na kai wa Tanko, ɗan ƙanin Malam, shi ke riƙe da zabira yanzu. Kwana uku ya yi yana goga ta a dutse kafin sunan Balaraben ya fita. Ta yi siriri kamar ganyen rama, in ka karkata ta a rana kana ganin gurbin. Tanko ya ce ba za ta kai wani ƙarni ba, amma za ta kai shi kabari. Makon jiya ta aske ɗan maƙwabciyata, ina tsaye.

Ɗan Goggo kuwa, wata biyar bai neme ni ba. Yanzu ya fara kiran wayar ƙanwarsa, ya ce a kai wa Iya. In an kawo sai in ce a ajiye a kan tabarma, ina ji daga nan. Ya ce sito akwai zafi. Na ce Allah Ya sawwaƙe. Ya ce in yafe masa. Ku da kuke zaune nan zan gaya muku, amma kada wanda ya kai masa: tun jirgi bai tashi daga Jidda ba na yafe masa, uwa ce ni. Ban dai faɗa masa ba tukuna. Ya ɗan ƙara jira.